Fatar da Na Zaɓar wa Ila Ƙaiƙayi

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ku samarin ƙungiyar manoma ta unguwarmu da kuka shirya wasan ranar Asabar, abin da kuke faɗa a teburin mai shayi ya iso ni. Kun ce tsoho ya riƙe muku kalangu kwana goma sha biyu a kan aikin da bai wuce a ja fata a ɗinke ba. Ban ji haushi ba. Na ɗauko alƙalami da tawada ne don in gaya muku inda kwanakin suka tafi. Da ajami na rubuta, don shi na iya, kuma na san a cikinku babu mai karanta shi da gudu. Kafin ku gama haɗa baƙi da wasali Asabar ta wuce, abin da na faɗa a nan ba zai cuci kowa ba.

Sunana Hamisu, baduku ɗan baduku, a nan cikin garin Daura aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gafaka yake ɗinkawa da kuben wuƙa da takalman malamai, bai taɓa kai hannu ga abin kiɗa ba. Sai da na yi saukar Alƙur'ani sannan ya miƙa ni ga ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanko, don a lokacin hannu ya yi yawa a rumfarmu, aiki bai isa kowa ba. Kawu Tanko kuwa rufin kalangu da ganga ne sana'arsa. Ranar da za a kai ni mahaifina ya ce, "Ka rufe musu, amma kada in ji an ce an gan ka kana kaɗawa a waje." Har yau ban kaɗa a waje ba. A zaure nake kaɗawa, shi ma don gwaji.

Aikin farko da Kawu ya ba ni shi ne in je wurin mahauta in zaɓo fata. Na je na zaɓo wadda ta fi kowace faɗi, ta wani ƙaton bunsuru, na taho da ita a kafaɗa ina taƙama, ƙudaje suna yi mini rakiya. Kawu ya karɓa, ya ɗaga ta ga rana, ya ce in matso in leƙa. Wuri uku haske yake ratsowa, inda wuƙar mai fiɗa ta kuɓuce masa. Ya ce, "Kai wa babanka ya yi guga, in ruwa ya yarda ya zauna a ciki." Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Fatar kalangu ta ɗan akuya ce wanda bai gama girma ba, wanda aka yanka da safe, aka feɗe shi da hannu fiye da wuƙa. Ba a jeme ta da bagaruwa kamar ta takalmi, don jima tana kashe murya. A cikin ruwan toka ake jiƙa ta har gashi ya saki, sannan a kankare ta da bayan wuƙa, a hankali, daga wuya zuwa wutsiya. Shekara guda cur kankarar nan kaɗai nake yi. Warin toka da ɗanyar fata ya kama ni har ya zama a sahun salla ba na rasa fili dama da hagu.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Basilla biyu, babba da ƙarama. Wuƙar yankan tsarkiya, wadda ba a yanka komai da ita sai tsarkiya, ko albasa matar gida ta taɓa da ita sai an sake wasawa. Dutsen wasawa, tsohuwar tukunyar jiƙo, da ɗan kaskon man gyaɗa. Tsarkiya ita ce igiyoyin fatar nan da suka haɗa bakin kalangu da bakinsa, waɗanda makaɗi yake matsewa a hammata har kalangu ya yi magana. Daga fata guda ake yanke ta, ana kewayawa daga gefe zuwa tsakiya, ba tsinkewa. In ta yi kauri a wani wuri ta sirance a wani, kalangu zai ja gefe guda, makaɗi ya matsa ya nemi kirari ya sami kukan jaki. Shi kuwa kango, wato icen, masassaƙi ne yake fafe shi, amma ni nake ƙwanƙwasawa in ji ko ya bushe kafin in karɓa.

Kalangun da na fara rufewa da hannuna na wani makaɗin mahauta ne, mutumin Mashi, wanda yake so ya kama kasuwa da shi. Kawu ya yi tafiya, ya bar mini aikin, ya ce in shanya a inuwa. Na ga inuwa ba ta sauri. Na ɗora shi a kan katanga, rana ta gasa shi wuni guda. Da yamma na taɓa shi da yatsa, ya yi wata ƙara mai daɗi wadda ban taɓa jin ta Kawu ta yi ba, har na fara tunanin ko tsohon nan ɓata wa mutane lokaci yake yi. Makaɗi ya zo ya ɗauka yana sa mini albarka. Ranar kasuwa an kayar da sa, Sarkin Fawa ya tsaya a gaban rumfa, makaɗi ya ɗaga makaɗinsa, wato sandar bugu, don ya sanar wa gari an yi yanka mai kitse. Bugu na uku fata ta tsage daga baki zuwa baki. Aka ce har karnukan mahauta sai da suka juyo. Washegari makaɗin ya iso zaurenmu, ya tarar Kawu ya dawo. Kawu bai zage ni ba. Ya rataya mini fasasshen kalangun a wuya, ya aike ni sayen goro a can ƙarshen kasuwa, ya ce kada in bi ta lungu. Tun daga ranar na san abin da ake nufi da inuwa.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Makaɗin mahauta yana son abin da za a ji daga bayan gari. Makaɗin 'yan dambe yana son mai tsauri, wanda zai sa mutum ya shiga fili ko da bai yi niyya ba. Mai gangar noma ba ruwansa da daɗi, ita dai ta jure zufa da yayyafi. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuya shi ne mawaƙi. A bayan mawaƙi akwai babban kalangu da ake matsawa, murya tasa tana hawa tana sauka. Akwai kuma ɗan karɓi, ƙaramin kalangu wanda ake ɗaure tsarkiyarsa a ƙugu, ba a matsa shi, murya ɗaya gare shi tun daga farkon wasa har ƙarshe. Daga bakin ɗan karɓin nan mawaƙi yake ɗaukar muryarsa. Inda ya tsaya nan mawaƙi zai fara, ko ya sani ko bai sani ba. In ka ɗaure shi sama da maƙogwaron mutum, to ka rataye shi a gaban jama'a. Shi ya sa Kawu bai taɓa rufe wa mawaƙi ɗan karɓi ba sai ya ji shi da kunnensa a cikin makon, ko da jiya suka rabu. Ni ma haka na gada.

Ila Ƙaiƙayi, wanda za ku saurara ranar Asabar, taubashina ne, ɗan goggota, ya girme ni da shekara biyu amma a wasa bawana ne, ko da yake bai taɓa amsawa ba. Yawancinku a kaset kuka san shi. Bai taɓa yi wa mai kuɗi waƙa ba sai dai ya yi a kansa. Ya yi waƙar takin zamani da ake rabawa a takarda, manomi bai gan shi a buhu ba. Ya yi ta masu tare hanya suna karɓar na goro daga mai akuya ɗaya. Wadda ta fi fita ita ce ta rijiyar burtsatse, wadda wani ɗan kwangila ya haƙa a wani ƙauye, ranar buɗewa aka kawo ruwa a mota aka zuba a tanki, manya suka sha suka tafa suka tafi, daga ranar ko ɗigo ba a sake gani ba. A cikin waƙar akwai wurin da yake kiran matan ƙauyen da tulunansu, murya ta hau can sama ta tsaya tana rawa. A nan mutane suke miƙewa tsaye. Saboda waƙoƙin nan ya kwana a tsare ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da aka sako shi kafin ya je gida zaurena yake fara zuwa ya duba ko na bar gara ta taɓa masa kaya. Duk ɗan karɓin da ya taɓa waƙa a kai, bayan rasuwar Kawu, ni na rufe shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu na yi murna kamar kowane musulmi, na je na yi kabbara da bakina. Sai da na dawo gida na zauna na tuna da abin da nake ci. Babu wanda ya zo ya rufe mini zaure. Amma masu wa'azi sun matsa a kan kiɗa, masu biki suka koma walima, wanda ma yake son kalangu a ransa ya ji kunyar maƙwabta. Makaɗa wasu suka hau acaɓa, wasu suka tsallaka ta Kongolam zuwa Nijar neman biki. Waɗanda suka zauna suka ga ajiye ganga a ɗaki ya zama abin magana a wurin surukai, sai suka riƙa kawo mini ɗaya bayan ɗaya a cikin buhu, kowa ya ce gyara ya kawo, babu mai dawowa karɓa. Ɗakin da muke ajiye gero ya cika har azara. Ni kuwa na koma sana'ar mahaifina, ɗinkin gafaka, da hannun da ya manta ta. Gafakata ta farko ta fito da tsauri kamar za a kaɗa ta.

Ran nan da hantsi limamin unguwarmu ya zo da Alƙur'aninsa don in auna masa gafaka. Muna zaune a zaure, bango ɗaya ne tsakaninmu da ɗakin geron. Ashe an bar ƙofa a buɗe, gero kuma ya zube a kan fatar wata babbar ganga. Kaza ta hau ta fara tsattsaga. Ina cikin aunawa sai muka ji tum, tum-tum. Na ƙara sunkuyar da kai. Can wata kazar ta sami ƙaramar ganga, ta shiga mayar mata da amsa. Ban taɓa jin kiɗan da ya zauna haka ba a shekarar.

Liman ya ce, "Malam Hamisu, biki ake yi a gidanka ba gayyata?"

Bakina ya fara shirin cewa mata ne suke daka. Na haɗiye, na ce, "Allah gafarta Malam, kaji ne."

"Kaji."

"Kaji ne, a kan ganga."

Ya ce in kai shi ya gani. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon tulin kayan, kazar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya ce, "Ita wannan hukunci bai hau kanta ba. Kayan na wane ne?" Na ce amana ce ta mutane. Ya ce, "To amana a riƙe ta da kyau. Ka riƙa rufe ƙofa, gero yana lalacewa." Da zai sa takalmi ya juyo ya ce, "Na ga leɓenka ya lanƙwasa zai ce daka ake yi. Da ka faɗa, a kansa zan yi maka wa'azi, ba a kan ganga ba." Wannan magana ta zauna mini. Na ambace ta ne don ku gane irin matsin da kuka sa ni a ciki.

Shi Ila a shekarar ya tsaya a kasuwa ya ce yana son Shari'a fiye da kowa, roƙonsa ɗaya a fara da ma'ajin taki. Daga nan ya naɗe kayansa ya kawo mini, ya koma gona a wani ƙauye a hanyar Baure. Shekaru suka tura, abubuwa suka lafa, makaɗa suka riƙa zuwa suna kwashe kayansu a cikin buhunan da suka kawo su. Na Ila kaɗai suka rage.

Sai ga sakatarenku, Malam Nura na makarantar firamare, ya yi sallama da rediyo mai kaset a hammata. Ya ce kun sami izini, a filin ƙwallo, bayan la'asar, a tashi kafin magariba, maza gefe mata gefe, don a tuna wa masu iko da maganar taki da ruwa kafin damina ta sauka. Ya ce Ila ya amsa, saura in sake rufe masa kayansa. Ya danna kaset, waƙar rijiyar burtsatse ta tashi, wadda aka ɗauka tun Nura bai iya tafiya ba.

Ya ce, "Baba, haka muke so ya fito, daidai da wannan. Shi ma Baba Ila haka ya ce, a mayar masa da kayansa yadda suke. Jibi zan zo in karɓa?"

Na ce, "Ɗana, jibi ko gashi bai saki ba. Kuma sai na je na ji shi."

"Ai ga shi kana ji, Baba."

Na ce wannan Ilan na san shi, na yau nake nema.

Washegari na hau mota zuwa ƙauyen. Na same shi a gindin gawo yana ɓarar gyaɗar iri. Na ce, "Salamu alaikum, bawana."

Ya ce, "Wa alaikumus salam. Wa ya saki Alaramman fata? Matso daga can, iska tana kaɗowa ta wajenka."

Muka gaisa, muka tambayi iyali. Na ce na zo ne ya ɗan yi mini baiti ɗaya kafin in sayi fata. Ya ajiye gyaɗa ya dube ni. Ya ce, "Shekara nawa kana jina kyauta? Yau kuma sai na yi maka gwaji kamar sabon ladan? Muryata tana nan inda na ajiye ta. Ka ɗaure shi yadda ka saba, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa in kai Mashi." Na roƙe shi, na haɗa shi da zumunci, ya ce ba ya waƙa a gaban mutum ɗaya, balle baduku.

Na zauna na taya shi ɓara. Can na ce, "Na ji an ce ɗan kwangilar nan na rijiya ya gina masallaci a garinsu." Wannan ba ƙarya ba ce, an faɗa, na ji. Na ƙara da cewa, "Wani lokaci ina tunani ko ka matsa wa bawan Allah da yawa."

Ya ce, "Me ka ce?"

"Na ce ko da ruwan mota ne, ai mutane sun sha wuni guda."

Kwanon gyaɗa ya kife. Ila ya miƙe, ya ce da wane ruwa za a yi alwala a masallacin, ya kira ni da sunayen da ba zan sa wa tawada ba, kafin ya ankara zagi ya juye waƙa. Ya kama waƙar rijiyar daga farko, ba kiɗa, a muryar da ya saba kama ta. Baiti na farko lafiya. Na biyu lafiya. Da ya iso wurin kiran mata da tuluna, murya ta je bakin wurin ta tsaya kamar jaki a bakin gada. Ya tura ta, ta ƙi. Ya sake turawa, wani siririn abu ya fito wanda ko akuyarsa da ke ɗaure sai da ta daina tuƙa. Ya kama tari, ya ce ɓawon gyaɗa ne ya shige masa maƙogwaro. Na ba shi ruwa. Na ce gyaɗar bana akwai ƙura, wanda shi ma gaskiya ne.

A mota ina dawowa na auna abin. In na ɗaure yadda kaset ya ce, ranar Asabar mutumin da bai taɓa sunkuyawa a gaban mai sanda ba zai tsaya a gaban jikokinsa murya ta yashe shi a daidai inda ake jira a miƙe. In na saukar kuma ya tambaye ni, ba zan iya cewa ban saukar ba. Kuma Ila mutum ne da in ya ji an tausaya masa zai iya naɗe rigarsa ya koma gona, ku ku zauna da filinku da izininku.

Na je wurin mahauta na ce a ba ni fatar akuya wadda ta yi haihuwa uku ko huɗu. Mahaucin ya ce, "Baba, guga za ka koma yi?" Fatar farko na jiƙa, na kankare, na rufe, na jira ta a inuwa, ta fito a dakushe kamar ana dukan katifa. Na kwance na jefar. Ta biyu na fi cin ta da kankara a tsakiya na bar mata kauri a gefe, na sassauta ɗaurin ƙugu, ina taɓawa ina tuna inda muryar ta tsaya a gindin gawo, ina komawa ƙasa da wurin kaɗan. Babban kalangun ma sai da na sake masa tsarkiya don ya bi ƙaninsa. Kwana goma sha biyunku ke nan, ban ɓoye ko ɗaya a aljihu ba.

Jiya Alhamis bayan azahar Ila ya iso da babbar riga, Nura na biye da rediyonsa. Na shimfiɗa tabarma, na ɗauko ɗan karɓi, na buga sau uku. Ila ya gyara zama. Nura ya karkata kai.

Ya ce, "Baba, kamar bai kai na kaset ba."

Na ce masa ya sha ruwa. Bai sha ba. Ya danna rediyo, ɗan karɓin wancan zamanin ya tashi can sama, muryar Ila ta ƙuruciya ta cika zaure, ta haye wurin tuluna ko waiwaye babu. Nura ya ce, "Ka ji ko? Wannan ya fi shi tashi nesa ba kusa ba."

Ila ya ce, "Kashe abin nan." Ya miƙo hannu na ba shi ɗan karɓin. Ya shafa fatar da babban yatsa, ya juya, ya shafa ɗayan bakin. Ya ce, "Hamisu, fatar me ce wannan?"

Na ce, "Ta akuya."

"Na san ba ta kura ba ce. Wace irin akuya?"

"Wadda ta ga jikokinta."

"Wa ya sa ka?"

Na ce, "Kunnena."

Ya ajiye ɗan karɓin a kan tabarma. Sannan ya fara. Ya ce tun ina yaro toka ta toshe mini kunne, ya ce da ma kaji sun fi ni sanin kiɗa, ya ce gobe da sassafe zai kai kayansa Mashi, in ba a samu ba ya tsallaka iyaka. Ya fara tattara riga. Na ce, "Ka kai duk inda kake so, naka ne. Amma ka yi baiti uku a kansa tukuna. In bai yi ba, ni da kaina zan ɗaukar maka shi har tasha, a wuya."

Ya tsaya riƙe da riga. Ya dubi Nura ya ce, "Malamin makaranta, je ka sayo mini goro fari. Ba na bakin titi ba, na cikin kasuwa." Nura ya fita.

Na zauna na kama bugu. Ya ƙi shiga, na zagayo, ya ƙi shiga, a zagaye na uku ya shiga kamar wanda aka tura. Baiti na farko, na biyu. Da muka doshi wurin tuluna na kawar da idona kan bango don kada ya ga ina jira. Muryar ta je, ta taka, ta haye. Ba ta yi rawar da take yi a da ba, amma ta tsaya da ƙafarta, da kauri, irin muryar da in ta kira mace da tulu za ta ajiye tulun ta saurara. Ya kai baitin ƙarshe, ya dire. Na ajiye makaɗi. Ya share fuska da hannun riga, ya ce zauren nan nawa kullum zafi gare shi.

Can ya matso, ya rage murya, ya ce, "Kai, Alaramma. Waƙar taki ta fi wannan hawa." Ya nuna ɗaurin ƙugu da leɓe. "Ƙara sassauta shi kaɗan. Kaɗan fa. In ka gaya wa wani sai na yi maka waƙa."

Ina cikin kwance ƙullin Nura ya dawo da goro. Ila ya karɓa, ya ɓantara, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Yaro, mun gwada, kayan nan daidai suke da yadda na bar su. Rediyonka ne yake gudu. Duk rediyon zamanin nan haka suke, sauri gare su kamar masu su. Kada in ga ka zo mini da shi fili ranar Asabar."

Nura ya dubi rediyo, ya juya shi ya duba batir, sannan ya dube ni. Ya ce, "Baba Hamisu, wai haka ne?"

Na ja ƙullin na ɗaure. Na ce, "Ɗana, ni fata na koya. Ban san gyaran rediyo ba."